Ƙure Gudun Kwamfutar Tebur da Gano Matsalolinta

Kowace furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana aiki ne bisa bugun wani agogo da ke cikin na'urar, kuma da megahaz ko gigahaz ake auna yawan bugun. Gigahaz 4 na nufin bugu biliyan 4 a daƙiƙa guda. Sai dai lambar da kamfani ya rubuta a kwali ba ita ce iyakar ƙarfin furosesar ba. Kamfani yakan bar rata domin kayansa su yi shekaru suna aiki lami lafiya, ko da a ɗaki mai zafi ne, ko da fankar mai araha ce. Wannan ratar ita masu ƙure gudu suke ci.

A 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, furosesa mai rahusa. Gudunta ya samo asali ne daga lambobi biyu: agogon babban allo mai megahaz 66, da lambar ninki 4.5, wanda ya ba da kusan 300. Intel ya kulle lambar ninkin, amma masu allo irin Abit BH6 suka gano cewa za su iya ɗaga agogon zuwa 100, sai ga furosesar tana gudu a 450, kafaɗa da kafaɗa da Pentium II wadda ta ninka ta kuɗi sau da dama. Yau wannan garaɓasa ta ƙare. Intel yana sayar da furosesoshi marasa kulli masu harafin K a ƙarshen suna, akasarin Ryzen na AMD ma a buɗe suke tun 2017, amma su da kansu suke ƙara gudu idan sun samu sanyi, don haka abin da ya rage wa mai ƙurewa da hannu kaɗan ne.

Ladan gudu zafi ne. Idan aka ɗaga gudu, yawanci sai an ƙara ƙarfin wutar da ke shiga furosesa kafin ta tsaya daram, kuma zafin yana hawa fiye da yadda wutar take hawa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wuta yakan haifar da ƙarin zafi na kusan kashi 21, tun ba a lissafa na gudun ba. Furosesoshin zamani suna rage gudu da kansu idan sun kai digiri 95 zuwa 100. Wuta mai yawa kuma tana cinye furosesa sannu a hankali. Ko a 2024 Intel ya amsa cewa wuta fiye da kima ce ta sa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suke tangarɗa, alhali masu su ba su taɓa komai ba. Masu gasa da suka haura gigahaz 9 a 2022 sun yi haka ne da ruwan iskar hiliyam mai tsananin sanyi, na ɗan lokaci kawai.

A Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu yake haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, wutar lantarki kuma tana hawa da sauka, yanayi ya riga ya cinye yawancin ratar. A ganina, mai kwamfuta a irin wannan wuri ya fi samun riba idan ya kakkaɓe ƙura, ya sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa, ya sa sitabilaiza.

Wanda ya nace sai ya gwada, ƙa'idarsa ɗaya ce da ta mai gyara: a canja abu guda, a gwada, a rubuta. Ana ƙara gudu kaɗan a cikin BIOS, wato wurin saitunan babban allo, a saki manhaja irin Prime95 ta wahalar da furosesar na sa'o'i ana lura da zafi. Kwamfutar da ta kunnu ba lallai ba ne ta zauna da gindinta; wata sai cikin aiki mai nauyi za ta sandare ko ta nuna shuɗin sikirin.

Idan kuwa ta ƙi tashi sam, fanka na juyawa sikirin baƙi ƙirin, kada a yi saurin yanke cewa furosesa ta ƙone, domin ba kasafai hakan ke faruwa ba. A zare wuta, a cire ƙaramin batirin allo, CR2032, na 'yan mintoci, saituna za su koma yadda suka zo daga kamfani. In ba ta tashi ba, a cire RAM a bar guda ɗaya, a saurari ƙarar da allo yake yi ko a duba fitilunsa, sannan a gwada wani akwatin wuta. RAM ɗin ma abin zargi ce: kunna saitin gudun RAM, wato XMP na Intel ko EXPO na AMD, ƙure gudu ne, ko da yake mutane da yawa ba su ɗauke shi haka ba. A kashe shi, a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana bincike, kuskure ko guda ɗaya ya isa a sauke gudun ko a canja RAM ɗin.