Hannu ko Tunani, Wanne Ne Mai Aikin?

Tun zamanin dā, in an yabi gwanin zane ko na sassaƙa, hannunsa ake yabo. Amma a ƙarni na 20 waɗansu masu zane na Turai da Amurka suka ta da wata magana. Suka ce tunanin da ya haifi aiki shi ne aikin, abin da ido ke gani kuwa ɗan aike ne kurum.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 1917 wata ƙungiyar masu zane a birnin New York ta shirya nuni, ta ce duk wanda ya biya dala 6 za a nuna aikinsa. Sai wani Bafaranshe, Marcel Duchamp, ya sayo kaskon bawali na tangaran, ya rubuta sunan aro a jikinsa, watau R. Mutt, ya aika musu. Shugabanni suka ƙi nuna shi. Abokansa kuwa suka ce ko da bai ƙera shi ba, ai shi ya zaɓe shi, ya raba shi da amfaninsa, ya sa mutane su dube shi da sabon ido. Kaskon nan ya ɓace, hotonsa kaɗai ya rage, amma har yau ba a bar gardama a kansa ba.

Daga 1968 wani Ba'amurke, Sol LeWitt, ya ƙara gaba. Yakan rubuta umurnin yadda za a ja layuka a bango, waɗansu su ja. Mai saye takarda yake karɓa, ta umurni da ta shaida. In an shafe bangon, aikin bai mutu ba, sai a sake zana shi a wani wuri. LeWitt ya rasu a 2007, har yanzu kuwa ana zana ayyukansa.

Masu suka sun ce wannan yaudara ce, gama kowa yana iya sayen kasko. Maganarsu tana da nauyi, domin inda aka sallami hannu, rago yana samun wurin ɓuya. To, amma kun san a babbar riga wani ne ke zana aska takwas, wani ya bi da allura, ba kuwa wanda zai ce mai zanen bai yi aiki ba. Saboda haka, in kun tsaya gaban wani aiki, ku tambayi gwanintar hannu, sa'an nan ku tambayi abin da mai shi ya nufa.