IRIN SHUKA NA KAMFANI: ABIN DA YA KAMATA MANOMI YA SANI

Tun kaka da kakanni manomi shi ke da irinsa. In an yi girbi sai ya zaɓi zangarniya mai kyau ya rataye, ya shuka in damina ta faɗi. Yanzu akwai irin da ba haka ake yi da shi ba, don haka ya kamata ka san bambancin kafin ka fid da kuɗinka.

Wane iri ne wannan?

Shi ne wanda masana suka sauya wa ƙwayar halitta. Misali, sukan ɗebo wani abu daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa mai suna Bt, su sa a jikin shuka, tsutsa in ta ci ta mutu. An fara noma irin wannan da yawa a Amurka a 1996.

Wa ke da shi?

Galibinsa na manyan kamfanoni ne, kuma sai haɗe juna suke yi. A 2017 kamfanin ChemChina na Sin ya sayi Syngenta. A 2018 Bayer na Jamus ya sayi Monsanto na Amurka. Kamfanoni huɗu, wato Bayer da Corteva da Syngenta da BASF, su ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya. In masu sayarwa sun yi kaɗan, su ke yanka farashi, abincin ƙasashe da yawa kuma ya rataya a hannunsu.

Kamfani yakan yi rajistar irinsa don doka ta hana wani haifar da shi. A 2013 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba wani manomi rashin gaskiya don ya sake shuka waken soya na Monsanto ba da izini ba.

Darasi daga Burkina Faso

Manoma can sun fara noma audugar Bt a 2008. Feshi ya ragu ƙwarai, amma zaren ya gajarce, darajarsa ta faɗi a kasuwa. A 2016 aka bar ta, aka koma tsohon iri. Da ba a adana tsohon ba, da ina za a koma? Kayan aro ba ya rufe katara.

A nan gida

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da wake SAMPEA 20-T a 2019, mai maganin tsutsar da ke huda kwanso. Ba a biyan kamfani ladan mallaka a kansa, kuma ana iya ajiye irinsa. A 2024 aka fitar da masarar TELA. Ita mai aure ce, wato in ka shuka 'ya'yanta baɗi amfani zai ragu. Kowace shekara sai ka sayi sabuwa.

Abin da za ka yi

1. Ka tambayi mai sayarwa: ana iya ajiye wannan iri ko sai an sake saye?
2. Ka sayi iri a buhu rufaffe mai alamar Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa. Kada ka saya a mudu a kasuwa.
3. Ka gwada sabon iri a ɗan gefen gona tukuna, ka gwama shi da naka.
4. Ka yi lissafi: kuɗin iri da taki da feshi, a gefe guda kuma buhu nawa ka samu.
5. Kada ka yar da irinka na gado. Ka busar da shi sosai, ka rufe a tulu ko jarka inda iska ba ta shiga.
6. Ku haɗu a ƙungiya ku yi rumbun iri na gari.

Don ƙarin bayani ka ga malamin gona na yankinku.