HUTU A TSIBIRAN MALDIBIS: ABIN DA YA KAMATA MUSULMI YA SANI

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, muna jan hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu sha'awar zuwa hutu tsibiran Maldibis, a Tekun Indiya.

Ƙasar nan ba baƙuwarmu ba ce. Kuɗin wuri da kakanninmu na Indabo da Wudil suka yi ciniki da shi, da yawansa daga tekunta aka tsamo shi. Sarkinta ya musulunta a 1153, kuma Ibn Battuta, Bamalike irinmu, ya yi alƙalanci can wajen 1343. Tsibiranta kusan 1,200 ne, an fara saukar masu yawon buɗe ido a 1972.

To, yawo don duba ikon Allah halal ne, amma da sharuɗɗa. Na farko, wanda bashi ko zakka ke wuyansa, ko yana da hali bai sauke farali ba, ya fara da wajibi. Na biyu, a tsibiran da aka keɓe wa baƙi ana sayar da giya, ga tsiraici a bakin teku. A garuruwan 'yan ƙasa kuwa doka ta hana giya, masallatai kuma na nan. Mai iyali ya zaɓi masauki da lura. Na uku, a mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku ba ya ƙasaru, sai ya cika salla. Ya kuma tambayi alƙibla, domin can arewa maso yamma take, ba gabas ba.

Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa da imaninsa, amin.