Ɗakin Gwaji a Bakin Kanal

Yaron da ya tashi a Kura ko Bunkure ya iya cika lanƙwasasshen bututun roba da ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya sake shi ta ɓangaren gona, ruwa ya haura gaɓar kanal ya yi ta zuba, ba inji ba fetur. Ya kuma san da zarar iska ta shiga, aiki ya tsaya. Amma ranar da aka cika masa allo da bayanin matsin iska da ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, sai ya kwafa ya haddace, ba wanda ya ce masa ai zancen bututun babansa ake yi. A nan gizo ke saƙa.

Kullum kukan rashin ɗakin gwaji ake yi, kuma kukan gaskiya ne. To amma malamin da ke koyarwa a wannan yanki bai kamata ya fi kowa kuka ba. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma gangara kaɗai ke kawo shi har gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. A auna mita 10 a gefen kanal, a jefa guntun kara, yaro ɗaya ya riƙe agogon waya. A raba nisa da lokaci, an sami saurin ruwa. A maimaita sau uku, amsoshi su sha bamban, gardama ta kaure: iska ce ta tura karan, ko mai agogo ne ya makara? Malam ya bar su su yi ta musu, don daga irin wannan musun ake koyon aune-aune.

Buhun taki ma littafi ne. Me ya sa aka rubuta 46 a jikin yuriya, a jikin kamfa kuma 15-15-15? A shuka shinkafa a gwangwani uku, ɗaya ba taki, yara su riƙa auna tsayi kowace Juma'a. Wanda gidansu ya yi asarar tumatir a 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonakin Kadawa, ba sai an roƙe shi ya saurari yadda ƙwai ke zama tsutsa, tsutsa ta zama ƙwaro mai tashi ba.

Ba sabon abu ba ne Kano ta ɗauki kimiyya da muhimmanci. Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Sai dai kafin yaro ya kai can, an riga an gina masa sha'awa ko an kashe ta tun a firamare.

Wani hanzari: kada malam ya bar yara su tsunduma cikin ruwan. Ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar kanal su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, mai ratsa fata ta sa fitsarin jini. A tsamo su da cokali mai dogon hannu a zuba a kwalba, darasin mako mai zuwa ya samu, kuma shi ne wanda iyaye za su fi bukatar yara su kai musu gida.