Yadda Ƙungiyarku Za Ta Riƙa Samun Labarin Lafiyar Muhalli

'Yan'uwa manoma, yawancin cututtukan da ke damunmu a ƙauye daga ruwa, da iska, da ƙasa suke fitowa. Sau da yawa akan san da zuwansu tun da wuri, amma labarin bai cika isowa gare mu ba sai ɓarna ta auku.

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Mutane suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ƙurar tana shiga abinci da bakin yara. Yara fiye da 400 suka mutu. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ashe abin da ya sami wani gari darasi ne ga na kusa da na nesa, in dai labari ya kai.

Daga ina labarin yake fitowa?

Akwai hukumomin da aikinsu ke nan. Su rubuta labari sau ɗaya, gidajen rediyo da jaridu su ɗauka su baza, kamar yadda sarki yakan ba da magana ɗaya, masu shela su bi unguwa-unguwa. Ga guda uku da suka shafe mu:

1. NiMet, hukumar duba yanayi. A farkon kowace shekara tana faɗin lokacin da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta, da wuraren da ruwa zai iya tsayawa a tsakiya. Wannan zai taimake ku zaɓen iri da ranar shuka.

2. NIHSA, hukumar lura da koguna. Kafin damina tana faɗin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Masu gonar fadama su kasa kunne. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Bayan ambaliya kuma rijiyoyi sukan ƙazantu, amai da gudawa ya biyo baya.

3. NCDC, hukumar yaƙi da annoba. Tana ba da rahoton kwalara, da sanƙarau, da zazzaɓin Lassa wanda ɓera ke kawowa cikin hatsi da abinci.

Yaya ƙungiya za ta yi?

Ku zaɓi mutum ɗaya mai iya karatu, mai rediyo da waya, ya zama mai kula da labari. Ku ba shi littafi. Duk abin da ya ji, ya rubuta abu uku: ranar da ya ji, wanda ya faɗa, da wurin da abin ya shafa. Kada ya ƙara, kada ya rage. A karanta a kowane taro, a kuma manna a allon sanarwa. Wanda lokacinsa ya wuce a cire shi, don kada a yi aiki da tsohon labari. Kada a manta da mata, gama su ke ɗebo ruwa, su ke ajiye abinci.

A yi hankali da jita-jita. A 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu ta waya cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi suna karewa. Ƙarya ce, har wasu suka rasa ransu. Saboda haka saƙon da ba a san mai shi ba, kada a karanta wa jama'a sai an tambayi malamin asibiti ko malamin tsabta.

Abu na ƙarshe, jin labari ba shi ne ƙarshen aiki ba. In an ce kwalara ta shigo yankinku, ku tafasa ruwan sha, ku rufe bakin rijiya, ku gyara salga. In an ce ambaliya, ku kwashe hatsi zuwa tudu. Ku sa wannan magana cikin taronku na gaba. Rigakafi ya fi magani.