Kuɗi a Hannun Uwa: Abin da Buhun Tsaba Ba Ya Biya

Tun daga ƙarshen 2021, lokacin da gwamnatin Babagana Zulum ta fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, irin su Bakassi da kuma Dalori daga baya, dubban mata suka shiga neman makwanci. Wasu sun koma Gwoza da Bama da Monguno. Wasu kuwa ba inda za su koma, don gida ya ƙone, gona ba ta shiguwa, miji an kashe shi ko ya ɓace ba amo ba labari. Su ne suka watsu cikin unguwanni da 'ya'yansu, suna raɓewa a kangaye da rumfunan leda. Ana cikin haka madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya sake tayar da waɗanda suka fara samun wurin sa haƙarƙari.

Shekaru da dama taimakon da aka fi sani shi ne rabon tsaba: dawa ko gero, wake, man girki. Ya ceci rayuka, ba mai musun haka. Amma a dubi bazawara mai 'ya'ya huɗu ranar da ta sauke buhu a bakin ɗaki. Dawar ba ta ciyuwa sai an kai niƙa, mai inji kuma kuɗi yake karɓa. Ba itace, ba gishiri, ba sabulun wanki. Ƙaramin yaron jikinsa ya yi zafi tun jiya. Mai ɗaki ya aiko sau biyu. Dole ta auni kwano biyar ta kai bakin kasuwa, inda 'yan sari suka san ranar rabo ce, kowa ya fito da irin kayan, sai su karya farashi. Abin da aka ɗauko daga nesa da kuɗin mota da na ma'aji, a gaban idonta yake asarar daraja.

Wannan asara na cikin abin da ya sa ƙungiyoyin agaji suka karkata zuwa ba da kuɗi, musamman bayan taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, inda manyan masu ba da tallafi suka yi alƙawarin faɗaɗa shi. Tsarin ba wuya: a yi wa mace rajista, a ɗauki hoton yatsanta, a ba ta kati ko a turo mata ta layin waya, ta karɓi kuɗi a wurin wakili ko ta zaɓi kaya a shagunan da aka amince da su. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata haya za ta fara biya, don ta san ɗaki mai ƙofa shi ne kariyar 'yarta budurwa da dare. Wata za ta sayi zare da yadi ta kama ɗinkin hula, sana'ar da ta riƙe mata masu yawa a Maiduguri. Wata kaskon ƙosai ne a ranta. Ita kuwa yarinyar da ake tura wa talla ko bara, sai tukunya ta daina dogara da abin da ta samo sannan uwa ke iya barin ta ta je makaranta.

Akwai masu cewa talaka in ya ga kuɗi ɓarnatarwa zai yi. Wannan magana tana ƙona mini rai, don yawanci masu faɗin ta ba su taɓa raba naira dubu ɗaya gida biyar ba. Bincike ma bai mara musu baya ba. Masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara nazarce-nazarce daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, suka gano tallafin kuɗi ba ya ƙara sayen taba da barasa. A nan gida, shirin tallafin rainon yara da Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar a Anka da Tsafe a Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, ya riƙa ba mace naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abinci. Da aka auna, tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin ɗari, matan kuma sun ƙara kama sana'a. Yawancinsu matan aure ne a gidajensu. In kuɗin ya yi wannan aiki a inda akwai miji da rumbu, ina ga wadda ba ta da ko ɗaya?

Hanyar da kuɗin ke bi ma tana da tasiri. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a Nijar, wasu hannu da hannu, wasu ta waya. Binciken Jenny Aker da abokan aikinta ya nuna gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi ƙoshi. Matan sun huta da doguwar tafiya da zaman layi, kuma kuɗin kan shigo a asirce. Wannan sirri ba ƙaramin abu ba ne ga bazawara, wadda dangin miji da masu bin bashi ke iya yi wa dirar mikiya da zarar an ji ranar biya.

Sai dai kuɗi yana da maƙiya. Na farko tsadar kaya: a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta kai kashi 40 cikin ɗari, don haka adadin da ya ciyar da gida wata guda shekara ɗaya kafin nan ba ya kai ƙarshen wata, in ba a sake lissafi ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna yadda mutum zai kwana da yunwa alhali kuɗinsa na cikin waya, mai POS kuma yana yankar rabonsa. Ga matsalar shaida: ba a rajistar layi sai da lambar NIN, matar da ta tsero da goyo cikin dare kuwa ba takarda ta tsaya ɗauka ba. A garin da hanya ta toshe, kasuwa ba ta ci, tsabar ce har yanzu mafita.

Mafi muni shi ne yankewa ba zato. A watan Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da taimakon mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas, tare da rufe cibiyoyin kula da tamowa sama da 150 a Borno da Yobe. Amfanin tallafin yana cikin tabbacinsa. Mai ɗaki na ɗaga wa mace ƙafa, mai shago na ba ta bashi, 'yan adashi na karɓar ta, duk don sun san wata zai ƙare kuɗi ya shigo. In aka yanke, jarin ƙosai ake fara cinyewa, daga nan yarinya ta koma titi.

Irin waɗannan mata sun cika titunan Gusau da Katsina da Sakkwato, waɗanda 'yan bindigar daji suka raba da ƙauyukansu, kuma ƙungiyoyin waje ba su da yawa a can. Tunda hannun baƙi ya fara janyewa, nauyin ya dawo kan gwamnonin jihohi da hukumomin zakka da waƙafi da attajiranmu. Maimakon rabon buhu ɗaya a gaban 'yan jarida lokacin azumi, a ƙidaya zawarawan da ba su da muhalli unguwa-unguwa, a taimaka musu su samu katin shaida, a sa musu kuɗi duk wata da sunansu, a gaya musu tun farko watanni nawa za a yi, a kuma riƙa daidaita adadin da farashin kwanon masara a kasuwa.