Me Ke Sa A-kori-kura Karkarwa In An Taka Birki?

Duk wanda ya taɓa zama a gaban a-kori-kura ranar kasuwa ya san wannan al'amari. Mota na tafe sumul, ga buhunan masara maƙare a baya, sai direba ya hango shanu za su tsallaka titi ya ɗora ƙafa a kan birki. Nan take sitiyari ya shiga rawa a hannunsa, feda na ture ƙafarsa tana komawa, motar kuma na tsayawa da fizge-fizge kamar doki mai tutsu. In ka yi magana sai ya ce, "Ai haka halinta yake." To, ƙarfe ba shi da hali. Karkarwar nan alama ce, kuma wanda ya iya karanta ta yakan gane ƙafar da ke da ciwo tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya koma zafi. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 2,000 da ke gudun kilomita 80 a awa. Makamashin motsin da ke tare da ita ya kusa kilojul 500, wanda zai iya kai ruwan randa lita ɗaya da rabi ga tafasa. Idan direba ya tsayar da ita, kusan dukkan wannan makamashi zai shiga ƙarafan birki cikin 'yan daƙiƙoƙi. In aka ɗora mata buhu goma mai kilo ɗari-ɗari, zafin zai ƙaru da rabi. In kuwa gudun aka ninka, zafin zai ninka sau huɗu.

Yawancin a-kori-kura na zamani, irin su Toyota Hilux, birki iri biyu gare su. A ƙafafun gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da wani maƙali mai kama da awartaki, wanda makanikai ke kira kalifa, yana matse faifan da fad biyu, ɗaya ta kowace fuska. A baya kuwa ganga ce, wadda lainin biyu ke buɗewa daga ciki su dafe bangonta. Abin da ke kai ƙarfin ƙafar direba ga duka huɗun shi ne man birki, bisa ƙa'idar da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya bayyana: idan aka danna ruwan da ke rufe cikin mazubi, matsin yakan isa kowane sashe nasa daidai wa daida. A lura da kyau, domin ƙa'idar nan ba ta san gaba da baya ba. Yadda ƙafa ke aika saƙo ga taya, haka taya ke iya maido da saƙo ga ƙafa.

Bugun da ke bin gudun mota

An saba jin makanike ya ce faifai ya lanƙwashe. Sau da yawa ba lanƙwasa ba ce ainihin cutar, bambancin kauri ne. Wani gefen faifan ya ɗara wani kauri da abin da bai ma kai kaurin silin gashin mutum ba. Duk sa'ad da gefen mai kauri ya ratsa tsakanin fad, sai ya buɗa su, man birki ya koma baya, feda ta tura ƙafar direba. Da ya wuce sai riƙon ya sassauta. Kewayen tayar a-kori-kura ya ɗan haura mita 2, saboda haka a gudun kilomita 80 takan juya kusan sau 10 a daƙiƙa, bugun ma haka. Yayin da motar ke rage gudu sai bugun ya riƙa tazara, har a ƙarshe mutum ya iya ƙidaya shi. Wannan ita ce babbar shaida: bugun da ke raguwa tare da gudu, daga abin da ke juyawa ya fito.

Ina bambancin kaurin ke samo asali? Mafi yawa daga wajen ɗauri. Idan aka ɗora faifai a kan mazauninsa alhali akwai tsatsa ko ƙwayar yashi a tsakani, zai riƙa juyawa a ɗan karkace, yana shafar fad sau ɗaya a kowane zagaye ko ba a taka birki ba. Bayan 'yan dubban kilomita wurin shafar ya cinye, ko kuma ya tara dattin fad. Haka ke faruwa in mai faci ya ɗaure noti ɗaya tamau, har da hawa kan sifana da ƙafa, sannan ya bi sauran a jere. Ƙa'ida ita ce a ɗaure su a tsallake, wannan da na daura da shi, da ƙarfi ɗaya. Hanya ta uku zafi ne. Direban da ya gangaro Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, da ƙafa a kan birki maimakon ya sa ƙaramar giya, sannan ya tsaya cak ya ci gaba da danne feda, yana iya barin tambarin fad a jikin faifan da ya yi zafi jau. Tambarin nan ba ya riƙo daidai da sauran fuskar faifan.

Gaba ne ko baya? Jiki ne ke ba da amsa. Idan rawar ta fi fitowa a sitiyari, a tuhumi ƙafafun gaba, tunda su ne ke haɗe da shi. Idan a kujera da bodin motar aka fi ji, a duba baya. Akwai gwaji mai sauƙi: a fili marar jama'a, motar na tafiya a hankali ƙwarai, a ɗan ja birkin hannu sannu-sannu ba tare da sakin maɓallinsa ba. Birkin hannu ƙafafun baya kaɗai yake kamawa. In aka ji fizgar a nan, ganga ta daina zama da'ira, ta koma siffar ƙwai. Amma in motar na karkarwa ko ba a taɓa birki ba, to a bar zargin birki tukuna, a duba taya mai ƙullutu, ko wili da rami ya lotsa, ko boris da ya saki.

Ja gefe ɗaya da cafka

Wannan ya fi karkarwa haɗari, domin yana iya kai mota hannun masu tahowa. Mota takan ja zuwa ɓangaren da ya fi riƙo, don haka in ta ja dama, ba lallai ne laifin yana dama ba; mai yiwuwa na hagu ne ya daina aiki. Kalifa da ƙura da tsatsa suka cije, tiyon roba da ya ruɓe daga ciki yana hana mai komawa, ko maiƙo a kan fad, duk suna jawo haka. Bayan 'yar tafiya, a kusantar da bayan hannu ga kowane wili ba tare da taɓawa ba. Wanda ya fi 'yan'uwansa huci, ko yake warin ƙuna, birkinsa ba ya saki. Kafin duk wannan ma a auna iskar tayoyi, don sau tari a nan maganar ke ƙarewa.

Cafka kuwa, wato mota ta kame da ƙarfi daga ɗan taɓa feda, ta fi yawa a ganga. Da damina ɗanshin dare kan sa tsatsa sama-sama, wadda ke gogewa bayan taku biyu ko uku. Wadda ba ta tafiya ita ce abin tsoro: galibi man birki ne ko man akis ke yoyo a kan lainin, ya mai da shi mai danƙo. Irin wannan lainin ba ya wankuwa, sai canji. Akwai kuma abin da ya keɓanta da a-kori-kura. In babu kaya, bayanta ba nauyi, tayoyin baya kan kulle da wuri ta yi wutsiya. Shi ya sa aka sa wa da yawansu wani bawul da ke haɗe da akis na baya, mai rage matsin mai in motar ba ta da lodi. Masu ƙara ganyen sifirin don ɗaukar kaya fiye da kima sukan ruɗa wannan bawul ba su sani ba.

Ba kowace karkarwa ce cuta ba. Motoci masu na'urar hana kullewar taya, wato ABS, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita kasuwa a 1978, sukan yi gurnani a feda in an taka da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi. Na'urar ce ke saki da kamawa sau da yawa a daƙiƙa, kuma bai kamata direba ya ɗaga ƙafa ba. In dai tana haka a busasshen titi lokacin da motar ke dab da tsayawa, to ma'aunin gudun wata ƙafa ya yi datti ko ya lalace.

A gareji, ido da yatsa ba su isa su yanke hukunci ba. Makanike na ƙwarai zai auna kaurin faifan da maikuromita a wurare kamar takwas a kewayensa, ya kuma kafa agogon awo ya juya faifan don ganin karkata. A jikin faifan akan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. In da saura, ana iya fere fuskarsa a inji. In babu, sai sabo, kuma hagu da dama tare, haka ma fad. Kada a busa ƙurar ganga da baki ko da iska, domin wasu lainin na ɗauke da asbestos mai illa ga huhu, kuma kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibai duk wannan da keke mai birkin roba. A kife shi, a manna ɗan salatif a gefen wili, a juya tayar, sannan ɗalibi ya ɗan matse birki. Zai ji bugu ɗaya a yatsunsa a kowane zagaye. Sai a sa ɗalibai su ƙidaya bugun cikin daƙiƙa goma, su auna kewayen tayar da zare, su lissafa gudun da keken zai yi da a ce yana kan hanya.